Lamiri: Ikonsa da Iyakarsa a Koyarwar Ikilisiya Katolika

Akwai wata magana da muke yawan ji a bakin 'yan'uwa idan an zo batun daidai da kuskure: "Ni dai lamirina bai ba ni laifi ba." Wani lokaci mai faɗin haka yana nufin ya yi addu'a, ya yi tambaya, ya auna al'amarin a gaban Allah har ya kai ga tabbaci. Wani lokaci kuma abin da yake nufi shi ne a ƙyale shi, ya riga ya yanke shawara, ba ya son jin ta bakin kowa. Ikilisiya Katolika tana koyar da abubuwa biyu game da lamiri waɗanda a farkon ji za a ɗauka suna karo da juna. Wajibi ne mutum ya bi lamirinsa in ya tabbata, ko da sarki ne ko bishop ya ce masa ya yi akasin haka. Sa'an nan lamiri yana iya yin kuskure, har mutum ya ɗauki alhakin wannan kuskuren a gaban Allah. Yawancin gardamar da ake yi a kan lamiri tana tasowa ne daga masu riƙe ɗaya su saki ɗayan.

Mene ne lamiri?

Mutane da yawa suna ɗaukar lamiri a matsayin wani ji na zuciya, wato faɗuwar gaba bayan an yi laifi, ko sanyin rai bayan an yi alheri. Waɗannan sukan raka lamiri, amma ba su ne shi ba. Mutum yana iya jin nauyi a zuciya don ya ƙi ba ɗan'uwansa shaidar ƙarya, alhali ya yi daidai. Wani kuma ya cuci maraya ya kwana yana minshari. Katekisim na Ikilisiya Katolika, wanda ya fito a 1992, ya yi bayanin lamiri daga sakin layi na 1776 zuwa na 1802, ya kuma ɗauke shi a matsayin hukuncin hankali. Da shi mutum yake gane ko wani takamaiman aiki, wanda zai yi ko yake yi ko ya riga ya yi, nagari ne ko mugu. A lura da kalmar takamaiman. Sanin cewa sata laifi ce ba shi ne aikin lamiri ba tukuna. Aikinsa yana farawa ne sa'ad da ma'ajin ƙungiya yake zaune da kuɗin jama'a a hannu, kuɗin makarantar ɗansa kuma ya matso, ya ce wa kansa: wannan kuɗin ba nawa ba ne, taɓa shi sata ne, kada in taɓa.

Manzo Bulus ya nuna a Romawa sura 2 cewa al'ummai da ba su taɓa karɓar Shari'ar Musa ba suna da abin da Shari'a take bukata rubuce a zukatansu, lamirinsu kuma yana ba da shaida, wani lokaci ya zarge su, wani lokaci ya kāre su. Saboda haka lamiri ba kayan Kirista kaɗai ba ne. Maƙwabcinmu Musulmi yana da shi, mai bin addinin gargajiya yana da shi, wanda ya ce ba ya bin kowane addini ma yana da shi. Babban Taron Vatikan na Biyu, a takardarsa mai suna Gaudium et Spes ta 1965, sakin layi na 16, ya kwatanta shi da wuri mafi ɓoye a cikin mutum, inda yake shi kaɗai tare da Allah. Amma wannan sakin layin ya fara ne da cewa dokar da mutum yake tararwa a can ciki ba shi ya kafa wa kansa ita ba.

Waliyyi Bonabenture, wanda ya rasu a 1274, ya ba da misalin da ba zai yi mana wuyar ganewa ba. Ya ce lamiri kamar mai shelar sarki ne. Duk wanda ya taɓa jin sanƙira yana zaga gari ya san ba ya buɗe baki da sunan kansa, da gaisuwar sarki yake farawa, sa'an nan ya faɗi saƙo. Ana tsayawa a saurare shi saboda wanda ya aiko shi. Ranar da ya fara ƙirƙiro nasa umarni, ba shi da sauran iko a kan kowa. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kawo wannan misali a wasiƙarsa ta 1993, Veritatis Splendor, don ya nuna cewa girman lamiri da iyakarsa daga tushe ɗaya suke. Muna yi masa biyayya domin yana isar da muryar Allah, kuma don wannan dalilin ne ba shi da ikon mai da mugunta ta zama nagarta.

Ko da ya yi kuskure, yana ɗaure mai shi

Nan ne koyarwar take ba mutane mamaki. Waliyyi Toma Akwinas ya yi tambaya a babban littafinsa na tauhidi: in hankalin mutum ya yi kuskure, ya ɗauki abu mai kyau a matsayin mugu, shin laifi ne ya saɓa wa hankalin nasa? Ya amsa da cewa laifi ne. Misalin da ya zaɓa kuwa mai nauyi ne ƙwarai. Ba da gaskiya ga Kristi abu ne mai kyau, hanyar ceto ce. Amma in wani ya tabbata a ransa cewa yin haka saɓo ne, sa'an nan ya yi, to nufinsa ya karkata ga abin da ya ɗauka mugunta ne, ya kuwa yi zunubi. Dalilin a fili yake. Ba wanda yake da wata hanyar sanin nufin Allah da ba ta ratsa hankalinsa ba. Ko maganar fada, ko wasiƙar Paparoma, ko ayar Littafi Mai Tsarki, sai mutum ya ji, ya gane, ya yarda cewa gaskiya ce kafin ta zama jagora gare shi. Wanda ya aikata abin da ya tabbata Allah ya hana ya riga ya zaɓi saɓa wa Allah, ko da daga baya ta bayyana cewa abin halal ne.

Haka Bulus ya bi da batun abinci a Romawa sura 14. Shi kansa ya san ba abincin da yake da ƙazanta, amma ya ce wanda ya ci alhali yana ganin haram ne ya jawo wa kansa hukunci. Daga wannan tushe ne Taron Vatikan na Biyu ya fitar da takardar Dignitatis Humanae a kan 'yancin addini, ranar 7 ga Disamba 1965, inda ya ce ba a tilasta wa mutum ya saɓa wa lamirinsa, ba a kuma hana shi binsa, musamman a sha'anin addini, muddin bai taka haƙƙin wasu ko ya rushe zaman lafiyar jama'a ba. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Iyayen da suke so su tilasta wa ɗansu baligi ya karɓi baftisma, ko mijin da yake so ya ja matarsa zuwa Ikilisiya da barazana, ba su da goyon bayan koyarwarmu.

Manomin da ya ƙi shawarar bishop ɗinsa

Don mu ga yadda wannan yake a aikace, bari mu je ƙasar Ostiriya a zamanin mulkin Hitila. Franz Jägerstätter manomi ne a wani ƙaramin ƙauye mai suna Sankt Radegund, kusa da iyakar Jamus. An haife shi a 1907, bai yi zurfin karatu ba, kuma a ƙuruciyarsa ba a san shi da yawan ibada ba. Bayan ya auri Franziska a 1936 rayuwarsa ta sāke, ya riƙa karanta Littafi Mai Tsarki da tarihin waliyyai, daga baya ya zama mai kula da majami'ar ƙauyen.

A watan Maris 1938 sojojin Jamus suka shiga Ostiriya, aka shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 10 ga Afrilu don a amince da haɗe ƙasar da Jamus. Bishop-bishop na Ostiriya, ƙarƙashin Kadinal Innitzer na Biyana, suka fitar da sanarwa suna ba masu bi shawara su amince. Franz ya jefa ƙuri'ar ƙi, shi kaɗai a ƙauyensa. Ya yi horon soja tsakanin 1940 da 1941, ya dawo gida da tabbacin cewa yaƙin da Hitila yake yi na zalunci ne, na mamaye ƙasashen mutane da kashe marasa laifi, kuma in aka sāke kiransa ba zai ɗauki bindiga ba.

Bai tsaya a kan ra'ayinsa shi kaɗai ba. Ya tuntuɓi limaman Ikilisiya da ya sani, ya tafi har Linz ya ga bishop ɗinsa, Josef Fliesser. Kusan dukansu abu ɗaya suka gaya masa: yana da mata da 'yan mata uku ƙanana, haƙƙinsu ne a wuyansa, alhakin yaƙi kuwa yana kan shugabanni, ba kan talaka ba. Kada mu yi saurin raina wannan shawara. Masu ba da ita suna so su ceci ran mutum ne, suna kuma tsoron 'yan leƙen asirin gwamnati, maganar haƙƙin iyali kuma ba ƙarya ba ce. Franz ya saurara, ya auna, bai gamsu ba. Da aka kira shi a Fabrairu 1943, ya kai kansa barikin Enns a farkon Maris ya ce ba zai yi yaƙi ba, ko da yake a shirye yake ya yi aikin jinyar waɗanda suka ji rauni. Kotun soja a Balin ta yanke masa hukuncin kisa ranar 6 ga Yuli, aka sare kansa a kurkukun Brandenburg ranar 9 ga Agusta 1943, yana da shekara 36.

Bayan yaƙi an daɗe ba a ɗauke shi jarumi ba. Mutanen yankinsa da yawa sun ga ya yi wauta, wasu suka ɗora wa matarsa laifi. Sai da wani masani Ba'amurke, Gordon Zahn, ya buga littafi a kansa a 1964 duniya ta san labarinsa. Shekara guda bayan haka Gaudium et Spes, a sakin layi na 79, ta ce makauniyar biyayya ba ta wanke wanda ya aiwatar da umarnin hallaka al'umma, ta kuma nemi ƙasashe su yi tanadi a dokokinsu domin masu ƙin ɗaukar makami saboda lamiri. Ranar 26 ga Oktoba 2007, a babbar majami'ar Linz, garin da aka taɓa ba shi shawara ya haƙura, Ikilisiya ta ayyana shi Mai Albarka kuma shahidi. Franziska tana wurin, tana da shekara 94.

Wasu sukan kawo wannan labari don su ce ga shi nan, mutum ya bi zuciyarsa ya bar malaman Ikilisiya, ya kuwa fi su gaskiya. A ganinmu wannan gurguwar fahimta ce. Da me Franz ya auna yaƙin Hitila? Da dokar Allah da ta hana kisankai, da koyarwar Ikilisiya a kan yaƙin adalci da na zalunci, da amsar manzanni a Ayyukan Manzanni sura 5 cewa biyayya ga Allah tana gaba da biyayya ga mutane. Tun a 1933 tsohon bishop na Linz, Johannes Gföllner, ya rubuta wa masu bi cewa ba zai yiwu mutum ya zama Katolika na kirki kuma ɗan Nazi na gaske ba. A 1937 Paparoma Piyus na 11 ya aika wasiƙa da harshen Jamusanci yana sukar aƙidar fifita jinsi, aka karanta ta a majami'un Jamus. Franz bai ƙirƙiro sabuwar doka ba. Ya ɗauki abin da Ikilisiya ta koya masa da muhimmanci fiye da yadda masu ba shi shawara suka iya yi a lokacin tsoro. Akwai bambanci tsakanin koyarwar Ikilisiya da shawarar wani shugabanta a kan abin da ya fi dacewa a wata rana, kuma da shawarar ce ya saɓa. Hukuncin da ya yanke kuwa ya sa ya rasa kome, bai kawo masa sauƙi ko riba ba. Ya kuma ƙi yanke wa maƙwabtansa da suka tafi yaƙi hukunci.

To waɗanda suka kashe shi fa?

A cikin masu yi wa mulkin Nazi aiki akwai waɗanda suka gaskata da zuciya ɗaya cewa abin da suke yi daidai ne. In lamiri yana ɗaure mai shi ko da ya yi kuskure, ashe ke nan su ma sun kuɓuta? Kadinal Joseph Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma Benedik na 16, ya taɓo wannan a wata lacca da ya yi wa bishop-bishop a Dallas ta Amurka a 1991. Ya ba da labarin wata muhawara tsakanin malaman jami'a inda wani ya nace cewa lalle za a tarar da irin waɗannan mutane a sama, tun da sun bi lamirinsu. Ratzinger ya ce daga nan ya tabbata akwai ɓaraka a wannan tunani. Amsarsa ita ce, laifin ba a wajen bin abin da mutum ya tabbata yake ba, yana can baya, a wajen yadda ya bari zuciyarsa ta dushe har ta kai ga irin wannan tabbaci.

Ikilisiya tana rarrabe rashin sani iri biyu. A ɗauki 'yan kasuwa biyu masu sayar da hatsi, kowannensu mudunsa bai cika ba. Na farko ya sayi nasa a hannun maƙeri, bai taɓa samun dalilin zarginsa ba, da wani ya nuna masa da ya sāke shi a ranar. Na biyu ya sha jin masu saye suna gunaguni, ya ga mudun maƙwabcinsa ya fi nasa zurfi, amma ya ƙi gwadawa, don ya san abin da gwajin zai nuna. Bayan shekara goma ya daina jin kome, yana aunawa da kwanciyar rai. Dukansu biyu za su iya rantsewa cewa lamirinsu bai ba su laifi ba. Na farko ba a lissafta masa zunubi, domin rashin saninsa ya fi ƙarfinsa. Na biyu yana da alhaki, domin shi ya rufe idonsa. Amma a lura, ko a wajen na farko, matar da ta sayi dawa ta koma gida da abin da bai kai kuɗinta ba. Rashin sani yana iya ɗauke wa mutum laifi, ba ya mai da tauye mudu ya zama adalci. Shi ya sa Katekisim ya ce ko a irin wannan hali aikin yana nan a matsayin ɓarna, dole kuma a yi ƙoƙarin gyara kuskuren.

Akwinas ya ƙara da cewa akwai abubuwan da kowa ya wajaba ya sani. Wanda ya ce bai san zina ko kisan marar laifi haram ne ba, da wuya rashin saninsa ya zama uzuri. Katekisim kuma ya ambaci inda kuskuren lamiri yakan fito: rashin sanin Kristi da bishararsa, mugun misali daga wasu, bautar sha'awa, ɗaukar cewa lamiri ba ya bukatar kowa, ƙin sauraron Ikilisiya, da rashin tuba da ƙauna.

Littafi Mai Tsarki cike yake da mutanen da lamirinsu ya yi shiru a inda ya kamata ya yi ihu. Dawuda ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin, ya ci gaba da mulki abinsa. Da annabi Natan ya kawo masa labarin attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci, nan take ya husata ya yanke hukunci. Ma'auninsa yana aiki sarai a kan wani, a kan kansa ne ya tsaya. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Sai da murya ta zo daga waje kafin ta cikin ta farka. Bulus ya shaida a gaban sarki Agaribas cewa dā yana ganin wajibinsa ne ya yi gāba da sunan Yesu. Wannan Bulus ɗin ne ya gaya wa Korantiyawa cewa bai san wani laifi a kansa ba, amma wannan bai isa ya baratar da shi ba, Ubangiji ne mai yi masa shari'a. Farisin nan na Luka sura 18 ma da lamiri mai sanyi ya shiga Haikali, mai karɓar haraji ne ya koma gida baratacce.

Horar da lamiri

Tun da haka ne, wajibin bin lamiri yana tafe da wajibin horar da shi, aikin kuwa na dukan rai ne. Yana farawa a gida, wajen uwar da take sa yaro ya mai da canjin da aka ba shi fiye da ƙima. Yana ci gaba ta wurin Maganar Allah, addu'a, binciken zuciya kafin barci da kafin furta zunubi a gaban fada, shawarar mutanen kirki, da koyarwar Ikilisiya. Ga Katolika wannan koyarwa ba ra'ayi ɗaya ba ce a cikin ra'ayoyi masu yawa, domin mun gaskata Kristi ya ba Ikilisiya ikon koyarwa, Ruhu Mai Tsarki kuma yana bi da ita.

Waliyyi John Henry Newman na Ingila ya yi bayanin wannan dangantaka fiye da kowa. Bayan Taron Vatikan na Ɗaya ya tabbatar a 1870 cewa Paparoma ba ya kuskure a wasu keɓaɓɓun hukunce-hukuncen bangaskiya da ɗabi'a, tsohon firaministan Birtaniya, William Gladstone, ya rubuta a 1874 cewa Katolika sun miƙa hankalinsu ga Roma. Newman ya mai da martani a 1875. An fi tuna inda ya ce in za a ɗaga kofi don girmamawa, zai fara da lamiri kafin Paparoma. Masu son wannan magana sukan manta da abin da ya kewaye ta. A wannan rubutun ya koka cewa mutanen zamaninsa sun musanya lamiri da jabunsa, wato son rai. Ya ce haƙƙin lamiri ya fito ne daga wajibansa. Ya kuma ce kafin Katolika ya ƙi wani umarni na Paparoma, sai ya yi tunani mai zurfi da addu'a, ya fara da zaton cewa shi ne bai gane ba, har ya iya faɗa a gaban Allah cewa ba shi da halin yin biyayya. Lamiri yana gaba domin ta wurinsa ne mutum yake gane wajibin sauraron Ikilisiya tun farko.

Akwai ƙa'idodin da ba sa sākewa kome tsananin hali. Ba a yin mugunta don alheri ya fito daga cikinta. Abin da mutum yake so a yi masa, shi zai yi wa wasu. Veritatis Splendor ta nanata cewa akwai ayyukan da mugaye ne a kan kansu, irin su kashe marar laifi da gangan, azabtar da mutum, da zina, waɗanda kyakkyawar niyya ba ta iya halatta su. In wani ya ce lamirinsa ya ba shi izinin ɗaukar fansa a kan mutanen da ba su yi masa kome ba, don kawai 'yan ƙabila ɗaya ne ko addini ɗaya da waɗanda suka cuce shi, ba ma bukatar dogon bincike kafin mu san sanƙiran ya bar saƙon sarki.

Ƙauna ma iyaka ce. A 1 Korantiyawa sura 8 Bulus ya yarda cewa naman da aka miƙa wa gumaka ba kome ba ne, duk da haka ya ce gara ya bar cin nama har abada da ya sa ɗan'uwa mai raunin lamiri ya yi tuntuɓe. Lamirina ni yake ɗaurewa. Ba sanda ba ce da zan kora wasu da ita.

Mai shakka kuwa, wanda bai tabbata ko abu zunubi ne ba, kada ya yi gaba sai ya nemi haske, ya yi tambaya. Amma shakka dabam, waswasi dabam. Akwai 'yan'uwa masu ganin zunubi a kowane motsi, suna maimaita furta abu ɗaya sau goma ba su sami salama ba. Waliyyi Alfonsus Liguori, babban malamin tauhidin ɗabi'a da ya rasu a 1787, ya sha fama da wannan ciwo da kansa, maganin da ya ba masu irinsa shi ne su riƙe fada ɗaya mai hikima su bi jagorarsa, su daina sāke buɗe shari'ar da aka riga aka rufe.

In mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa bai gamsu ba

Saura tambaya mafi wuya. Ga mai bi da ya karanta, ya yi addu'a, ya tuntuɓi masana, duk da haka ya kasa ganin gaskiyar wata koyarwar ɗabi'a ta Ikilisiya. Wannan ya fito fili bayan 1968, sa'ad da Paparoma Bulus na 6 ya fitar da Humanae Vitae a kan hana ɗaukar ciki, ya sāke tasowa a 2016 bayan Amoris Laetitia ta Paparoma Faransis, har kadinal huɗu suka aika masa tambayoyi a rubuce, ɗaya daga ciki a kan matsayin lamiri. Masana tauhidi suna ta muhawara a kan yadda za a daidaita waɗannan takardu, ba kuwa za mu yi kamar an gama ba.

Abin da yake tabbatacce shi ne, Ikilisiya ba ta ce wa irin wannan mutum ya aikata abin da ya tabbata zunubi ne. Sai dai yawancin lokaci ba haka matsalar take ba. Da wuya a sami wanda yake ganin bin koyarwar zunubi ne, abin da yake gani shi ne tana da nauyi, ko dalilanta ba su gamsar da shi ba. Rashin gamsuwa da hujja bai kai matsayin umarnin lamiri ba. Ya kamata ya tambayi kansa tsakani da Allah ko amsar da ya kai gare ta ita ce wadda yake so tun kafin ya fara bincike. Ba shi da ikon koyar da ra'ayinsa da sunan Ikilisiya, in katekis ne ko malamin makaranta. Akwai kuma al'amuran da ba na mutum ɗaya ba ne, kamar ingancin aure: ko da ya tabbata a ransa cewa aurensa na farko bai ɗauru ba, sai ya kai maganar kotun Ikilisiya, domin akwai haƙƙin abokin aure da na 'ya'ya a ciki.

Fada da katekis su ma suna da tasu iyaka. Paparoma Faransis ya tuna wa makiyaya a Amoris Laetitia, sakin layi na 37, cewa aikinsu horar da lamirin masu bi ne, ba zama a madadinsa ba. Wanda ya zo da irin wannan nauyi, a faɗa masa koyarwar yadda take, ba ragi ba ƙari, a bayyana masa dalilanta, a saurari halin da yake ciki, kada a rufe masa ƙofa. Ko rashin ganewarsa irin na mai mudu na farko ne ko na biyu, fada yana iya taimakonsa ya bincika, a zama ɗaya ko a zama da yawa, amma ba ya iya leƙa zuciyarsa ya yanke wannan hukunci a madadin Allah.